Layi Ɗaya Domin Aku

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya gwiwar? Kada ka ce mini da sauƙi, na san irin "da sauƙi" ɗinka. Mu nan lafiya lau, sai kewa. Famfon tsakar gida ya sake ɗiga, na sa an gyara.

Na rubuto ta hannun direban kamfaninku ne, don a waya da zarar na nufi maganar yaron nan sai ka ce ba ka ji na, ko ana kiranka wurin aikin gada. Takarda dai ba ta katsewa.

Na buɗe ɗakin ɗanmu Aku, karon farko tun rasuwarsa. Na san ka ce a rufe, a ba wani kwamfutar ya amfana. Ban bayar ba, kuma ga dalili. Matar maƙwabcinmu mai gyaran firiji ta shigo mini da jaririnta, an gwada shi an ce yana da sikila. Ta duba intanet a wayarta, ba abin da ta gani sai masu tallar magani, kowa na rantsuwa zai raba yaro da ciwon har abada. Saura kaɗan ta saya. Na zaunar da ita a kujerar Aku, na buɗe mata shafin intanet da ya rubuta wa masu sikila irinsa: yadda ake gane ciwo zai tashi, da yawan shan ruwa, da lokacin da ake haƙuri a gida, da lokacin da ake gudu asibiti. Ta karanta tana share hawaye, ta tambaye ni me ya sa ba ta gan shi ba da ta nema. 

Ka tuna kundin nan da ya cika mu da zancensa? Wanda ya ce mutane ne ke tace shafukan intanet da hannunsu, ba na'ura ba, su jera masu amfani sashe-sashe kamar a ɗakin karatu, har ma'aikatan jinya kan tura iyaye can. Ya aika shafinsa, kullum yana leƙawa yana mitar an manta da shi, har ka ce masa ya bar mutane su sha ruwa. Ya tafi bai ga amsa ba. To, na leƙa. Ba ƙin sa aka yi ba. Sashen sikila na harshenmu ba shi da mai kula da shi, an rubuta a ƙasa ana neman edita na sa kai. Shafinsa yana nan a layi tun ranar da ya aika, ba wanda ya ko buɗe shi.

Na nemi aikin. Ba albashi, kada ka tambaya. Sun ce in faɗi abin da na sani game da ciwon, in kuma kawo shafuka na gwaji in bayyana kowanne a layi ɗaya. Abin da na sani kuwa, na gaya musu na reni mai shi tun yana zanin goyo har ya fara gemu.

Ka riƙa ɗaure gwiwar nan kafin ka hau tsani. Ka huta lafiya.

Matarka,
Malama

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya gajiya? Direba ya ce ka karanta waccan a tsaye, ka ninke ta, ka sa a aljihun riga, ba ka ce komai ba. Ba laifi. Tun da ba ka yar da ita ba, na gode.

Ka shirya dariya: sun ƙi ni. Babban editan da ya duba takardata ya dawo mini da layukana duk a yanke. Na rubuta wa wani shafi "shafi mai albarka wanda babu kamarsa, na haziƙan likitoci masu tausayi". Ya bar mini kalma huɗu ko biyar. Ya ce a kundin nan ba a yabo, ba a kushe, ba a sa ra'ayi, abin da ke cikin shafi kawai ake faɗi, mai karatu ya yanke wa kansa hukunci. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina zagaye kuskuren 'ya'yan mutane da jan biro, yau ga nawa an zagaye. Wanzami ba ya son jarfa. Na yini ina cika ina batsewa, ba kuma wanda zan huce a kansa, tun da kai ka yi nisa.

Ban san mutumin ba, ban san ƙasarsu ba, ban ma tabbata namiji ne ba. A can kowa da laƙabinsa yake aiki. Ni dai na sa masa Mai Almakashi.

Da na huce na sake gwadawa. Wallahi faɗin abu yadda yake, ba gishiri, ya fi yabo wuya. A wannan karon an karɓe ni. Ranar da suka buɗe mini sashen na ga layin masu jira. Shafuka ne jingim, wasu sun daɗe fiye da na Aku. Nasa yana can wajen ƙarshe. Na ga sunan da ya sa masa, na ga ɗan saƙon da ya haɗo da shi, har da "don Allah a duba" irin ladabin da bai taɓa yi mana a gida ba.

Hannuna ya yi ƙaiƙayi in tsallake kowa in je kansa. Ba mai hana ni. Amma kowane shafi a layin nan akwai wanda ya aiko shi yana leƙawa kamar yadda ya riƙa yi. Sai na fara daga sama. Da safe idan na gama shara nakan zauna, in buɗe shafi in karanta shi duka, in ga ko gaskiya ne, ko akwai mai shi, ko adireshin ma yana aiki. Wasu sun mutu, ba sa buɗuwa. Wasu na masu tallar maganin nan ne, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina jin daɗin korarsu. Na samu na wasu ma'aikatan jinya mai kyau ƙwarai, na rubuta masa layinsa ba tare da na ce mai kyau ne ba, Mai Almakashi bai taɓa ko wasali ba.

Kujerar yaron nan tana ƙara idan an jingina. Da ina yi masa faɗa a kanta. Yanzu ban bari a gyara ba.

Allah ya tsare mini kai.

Matarka,
Malama

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ni lafiyar jiki alhamdu lillahi, amma zuciyata a cunkushe take, don haka ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Na iso kan shafin Aku.

Akwai ƙa'ida: idan shafi naka ne ko na ɗan'uwanka, dole ka faɗa. Da na yi shiru ba wanda zai sani. Amma yaron da ya yi ta faɗa da maƙaryata a kan ciwon nan, ba zan shigar da shi ta bayan gida ba. Na gaya wa Mai Almakashi ɗana ne, kuma ya rasu. Ya yi mini ta'aziyya mai kyau, ta mutumin da ya san rashi. Sannan ya ce zan iya rubuta layin bayanin, amma karɓa ko ƙi ba a hannuna yake ba, shi zai yanke. Ya kuma ja hankalina ga wata ƙa'idar, cewa ba a sa shafin da mai shi ya nuna a ciki cewa bai gama ba.

Na san abin da ya gani. Kai ne ba ka sani ba, tun da ba ka taɓa yarda ka buɗe ba. Babi na ƙarshe a shafin shi ne yadda ake zama da mara lafiya idan ciwo ya tashi. Aku ya fara da ni, ɗan banza. Ya ce mamarsa takan yi ta tambayar ina ke ciwo har sai ya ce ko'ina don ta ƙyale shi. Sannan ya zo kanka. Ya ce babansa ba ya cewa komai, tafin hannu kawai yake ɗora masa a gadon baya ya bar shi nan, komai daɗewa, kuma duk cikin magungunan gida babu wanda ya kai wannan. Daga nan sai ya rubuta zai ƙarasa idan ya dawo daga asibiti. Iyakar abin ke nan.

Ya koya mini kalmar sirrin shiga shafin tun yana nan, don in riƙa gyara masa rubutu. Zan iya goge layin nan na ƙarshe, shafi ya zama kamar kammalalle. Ko in ƙarasa babin da kaina, na san abin da zai ce. Na sa yatsa a kan maɓallin gogewa, na kasa. Shi ne abu na ƙarshe da ya rubuta a duniya. Idan na bar shi kuma, wataƙila a ƙi shafin gaba ɗaya, irin matar maƙwabcinmu su ci gaba da faɗawa hannun masu talla, duk wahalar da ya sha yana rubutu da hannu ɗaya, ɗayan da allurar ƙarin ruwa, ta tafi a banza.

Na daɗe ina jin haushin shirunka, har na ɗauka ka fi ni saurin mantawa. Da na karanta abin da ya ce game da hannunka, na ji kunya. Amma yau kam ba shiru nake so ba. Ɗanka ne kamar yadda yake ɗana. Ka gaya mini, in goge ko in bari?

Ina jiran direba.

Matarka,
Malama

Zuwa ga Baban Aku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan gwiwa ta lafa, aiki kuma yana tafiya daidai. Nan kowa lafiya. Jaririn maƙwabta ya yi zazzaɓi, uwar ta kai shi asibiti da wuri, an sallame su.

Takardarka ta iso. Na juya bayanta ina neman sauran, babu. "Kada ki goge. Kada ki ƙara." Ko Mai Almakashi bai kai ka rowar kalmomi ba. Amma na ga inda biro ya huda takardar, na san ba a tsaye ka rubuta ta ba.

Na bi maganarka. Na gaya wa Mai Almakashi shafin zai zauna yadda mai shi ya bar shi, ya yanke abin da ya ga dama. Sannan na rubuta layin bayanin. Duk abin da na koya ya gudu daga kaina. Na ce shafin marigayi ne, haziƙin matashi mai haƙuri, wanda ya yi bayanin ciwon da ya yi ajalinsa, Allah ya jiƙansa da rahama.

Ya yanke "marigayi". Ya yanke "haziƙi" da "mai haƙuri". Ya yanke addu'ar. Har "ya yi bayani" bai bari ba, ya sauya shi. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban yi ba tun ranar da muka dawo daga asibiti ba shi. Na rubuta masa cewa mu ba ma ambaton mamaci ba addu'a, idan kundinsu ya fi ƙarfin addu'a ga aikinsu nan na ajiye.

Amsarsa ba ta da tsawo. Ya ce addu'a ya yi wa yaron, zai kuma ci gaba da yi, amma ba a layin kundi ba. Ya ce ya karanta shafin tun daga farko har inda ya tsaya, abin da ke ciki ya isa ya kai yaro asibiti kafin lokaci ya ƙure, don haka a wurinsa kammalalle ne, ya karɓa. Game da kalmar da ya sauya kuwa, ya ce ba don ni ya yi ba, haka ake rubuta kowane shafi a kundin, domin duk sa'ar da mutum ya buɗe, a sa'ar ake yi masa bayanin.

Sai na je sashen na duba. Ga shi nan tsakanin na ma'aikatan jinya da na wata ƙungiyar iyaye, ba a sama ba, ba a ƙasa ba:

"Mai ciwon sikila yana bayanin yadda ake gane tashin ciwo, da kula da mara lafiya a gida, da lokacin da ya kamata a tafi asibiti."

Baban Aku, ka ga kalmar? Yana. Tun da aka binne yaron nan ba wanda ya haɗa shi da kalmar nan. Kowa sai "ya yi", sai "da yana nan", har ni. Ni da hannuna na so in binne shi karo na biyu a layi ɗaya, baƙon da ban san fuskarsa ba ya hana ni. Na kifa kaina a teburinsa na yi kukan da na daɗe ina riƙewa don kada in dame ka.

Ban ajiye aikin ba. Na ba Mai Almakashi haƙuri, ya amsa mini da gyaran wani layin da na manta waƙafi. Akwai sauran masu jira, kuma sababbi na shigowa.

Tun ranar da ya rasu ka daina kirana da sunan da ka saba, ka koma ce mini Malama kamar uban ɗalibi. Na bi ka a haka don na ga ba ka iya furta shi. Yau na karɓi abina.

Idan an ba ka hutu ka zo. Na sa kujera ta biyu a ɗakin. Ba sai ka ce komai ba, ka zauna kawai. Ɗanka yana bayani, kuma ka san halinsa, ba ya son a tashi bai gama ba.

Taka har kullum,
Maman Aku