Gwiwar Habibu

Daren Laraba, Ƙofar Ruwa

Malam lafiya, tarin Inna ya lafa. Habibuna ne dai, tun da mai ɗori ya kwance masa ƙafa gwiwar ta sandare, a zaune yake salla. A asibiti mai gashin ƙashi kullum "bend" take ce masa. Na tambayi malamarmu ta makarantar manya, ta ce lanƙwasawa ke nan, ko ƙarfe aka tanƙwara haka ake cewa. To ƙarfe ma ya tanƙwaru, balle gwiwar yaro?

Yau da magariba na leƙa ɗakinsa, na tarar da goshinsa a ƙasa, gwiwa biyu kan tabarma. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa. Da ya sallame ya ce, "Umma, da zafi fa." Na ce, "Isha ma haka za ka yi." Ikon Allah.