Ina Kwance Gidan Surukina, Lokotoron Ƙashi Yana Jirana a Yamai

Assalamu alaikum jama'ar wannan guruf, manya da ƙanana. Admin, a sa wannan saƙo ba tare da sunana ba. Don Allah shawara nake nema, amma ku karanta har ƙarshe tukuna, don zan bi da ku daki-daki yadda abin ya faru.

Shekaruna arba'in da shida, mata ɗaya, ɗiya biyar. Aikina lodin siminti a Malbaza, na daɗe ina ɗaukar buhu, yanzu ni ke tsara ƴan lodi, wa zai hau kamiyo, wato babbar motar kaya, wa zai miƙa. Bara bayan babbar salla mutum ɗaya cikin ƴan lodina bai zo da wuri ba, na ce ba a tsayar da mota don mutum ɗaya, na kama buhu na ɗaga, sai na ji abu ya tsinke mani a ƙugu. Na ƙarasa lodin. Tun daga ranar ciwon bai sake ni ba, yana tashi daga ƙugu ya bi ta bayan cinyar hagu har diddige. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in nemi wurin kwanciya, in na kwanta kuma juyi kawai nake yi.

Farko na je dispansar, aka yi mani allura aka ba ni ƙwayoyi. Da ba su yi ba na tafi Ƙonni aka ɗauki hoton ƙashi, wanda muke ce ma radiyo. Lokotoro ya ɗaga hoton ya ce ƙashi lafiya lau, babu karaya, abin da yake zargi shi ne guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya ya zame ya danne jijiya, kuma radiyo ba ta nuna wannan. Ya ce in nemi lokotoron ƙashi mai yin aiki, shi zai duba ni ya rubuta mani hoton IRM, wanda ake tura mutum cikin na'ura. Nan wahalar ta fara. Na je Tawa sau biyu, zuwan farko lokotoron ƙashin ya yi tafiya, na biyu layi bai kawo kaina ba. Wani direba ya ba ni lambar wani a Sakkwato, ya rantse babban likitan ƙashi ne, na tsallaka iyaka na tarar da mai tausa ne ya sa farar riga. A ƙarshe wani majo, wato ma'aikacin jinya, ɗan garinmu da ke aikin asibiti a Yamai ya samo mani randebu, wato ranar ganawa, da lokotoro na gaske, amma sai bayan wata biyu. Na rubuta ranar, na koma gida ina jira.

Ana cikin jiran nan labari ya kai ga mahaifin matata. Baba maɗori ne, yana wani ƙauye kusa da Tajaye, har daga Bazaga ana kawo mashi masu karaya a amalanke. Kada wani ya ce mani ɗan damfara ne, ƴan lodina biyu ni na kai mashi su da ƙafa a karye, yau suna bakin aiki. Ya aiko cewa a kai mashi ni. Wanda ya san surukuta a ƙasarmu ya san ba a maido da irin wannan aike. Na ce a raina in yi sati biyu in dawo, ban faɗa mashi zancen randebu ba. Kuskurena na farko ke nan. Ranar da ya fara sa mani hannu, a zaure gaban dattawan ƙauyen, ya ce aikin kwana arba'in ne, ba mota, ba babur, ko amalanke ban hawa har su cika. Kowa ya ce Allah ya ba da lafiya. Ni ma na ce amin.

Ga yadda aikin yake. Kullum da hantsi in kwanta rub da ciki bisa tabarma, ya shafa man shanu da garin saƙe-saƙi, ya yi tofi, ya ja ƙafafun, ya ɗaure ƙugun da tsumma. Ba ya kallon fuskata, ban kallon tashi, ba ya kiran sunana. In zai tambaye ni sai ta bakin ɗanshi, ƙanin matata, bari in kira shi Idi, magidanci ne mai amalanke kuma abokin wasana. Baba zai ce, "Idi, tambayi wanga bawan Allah ina yaka jin shi yau." Idi kuma ya duƙo ya ce, "Sarkin lodi, an ce ina buhun ya cije ka? Ko dai tuwon gidanmu ne ka zo ci kyauta?" Ni kuma kullum amsata ɗaya, da sauƙi Baba. Me zan ce, tsoho ya bar roron wakenshi a gona yana durƙuso a kaina? Kuskurena na biyu ke nan, don yanzu duk wanda ya zo gaisuwa Baba na faɗa mashi jiki ya fara karɓar magani.

Yau kwanana ashirin da shida. Randebu ya faɗa kwana na talatin da uku. Da wannan kaɗai ne, da na roƙi majo ya nemi a ɗaga mani. To kwana huɗu da suka wuce ina tafiya masallaci takalmin hagu ya fita daga ƙafata ban ji ba, sai da Idi ya biyo ni da shi yana dariya, ya ce na fara yin sadaka ɗaya-ɗaya. Ni ban yi dariya ba. Yanzu ƙafar jan ta nake yi. Sannan akwai abin da ban iya faɗa ma kowa a gidan ba, shi ya sa na ce a ɓoye sunana. Fitsari sai na daɗe a tsugunne kafin ya zo, kuma in ina tsarki wurin kamar ba jikina ba. Na kira majo na faɗa mashi. Ya bar wasa nan take, ya ce wannan ba abin jiran randebu ba ne, in kamo hanya gobe-gobe, zai shigar da ni ta wajen gaggawa, in aka yi jinkiri abin da jijiya ta rasa ba lalle ya dawo ba.

Na kira matata a waya, tana Malbaza da yara, na faɗa mata rabin maganar, ta ƙafar kawai. Muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ta ce tunda take ba ta ga wanda ya tashi daga tabarmar Baba kafin kwanakinshi su cika ba, sai mijin ɗiyarshi ne zai fara, a ce ko surukinshi bai yarda da hannunshi ba? Ta ce ni da nake korar ɗan lodi in ya bar mota rabi, ni ne zan bar magani rabi. Na ce mata siminti ba ya shanyewa. Ta yi kuka, daga baya ta ce in dai ƙafar ce in tafi, amma ita ba ta iya buɗe baki gaban mahaifinta da wannan zance.

Idi ya gane akwai abin da nake ɓoyewa. Shawararshi ita ce ya ɗauke ni a amalanke a ɓoye kafin Baba ya fito, ya sauke ni bakin godoro, babbar hanyar kwalta, in shiga motar Yamai, in ya dawo shi ya san ƙaryar da zai shirya. Ban taɓa fita gidan mutum a sace ba, balle gidan da aka ba ni mata.

Ɗazu bayan la'asar na gwada da kaina. Na je na durƙusa gefen Baba, na gaishe shi, na sake gaishe shi. Kafin in haɗa maganar ya nuna ma Idi wani zakara a tsakar gida ya ce, "Wancan na aje ma ranar arba'in, kada kowa ya taɓa shi." Na ce Allah ya saka da alheri, na tashi na ja ƙafata na koma ɗaki.

To jama'a, tafiya dai na san sai na yi ta. Abin da nake tambaya uku ne. Wa ya kamata ya kai ma Baba maganar, ni da bakina, ko limamin ƙauyen, ko surukata? In limamin ne, dole sai na faɗa mashi zancen fitsarin, ko ƙafar ta isa hujja? Sannan in Baba ya ji ya ce a'a, in cika kwanakina, in tashi in fita yana kallo? Wanda ya taɓa zama gaban suruki da magana irin wannan, don Allah ya rubuto mani kalmomin da ya fara da su. Motar tana wucewa gobe da hantsi, daidai lokacin da Baba yake shimfiɗa tabarma.