Dutsen da Hudu Ya Sace

Lahadi, 12 ga Satumba, 2021

Kwana uku ke nan da gwamnati ta ɗauke sabis, wai don kada mutanen daji su riƙa waya da masu kai masu labari. An haɗa da ni. Ni kuwa ɓarawo ɗaya tak nake waya da shi, shi ma dutsen dara yake sata.

Hudu nake nufi, ɗan kawuna, taubashina. Shekara hamsin da ɗoriya muna dara a bayan gidansu, gindin kanya. Babana bai haifi namiji ba, sai ya koya mani. Ni duwatsu, Hudu karare. Tun da Maniru ɗana ya kwaso ni daga ƙauyenmu na gefen Ɗantutture ya kawo ni nan Dutsin-Ma, a waya muke ci gaba da wasan da muka bari. Shi da guraben shi can, ni na haƙa nawa bayan ɗaki.

Kuma ba wasan banza ba ne. Ya ƙi tashi daga ƙauyen. Ranar da zan taho na yi mashi kuka, na zage shi, a banza. A ƙarshe ya ce, "To ki cinye ni a wannan, in kwaso ɗiyata Barira da ɗiyanta mu taho." Na sa ya rantse. Saura nawa takwas, nashi bakwai. In na mai da shi biyu ya mutu.

Muhsina jikata ta ba ni littafin nan. Ta ce, "Gogo, ki riƙa zuba surutun a nan, kunnuwanmu su huta." Mara kunya.

Laraba, 15 ga Satumba

An samu hanya. Mamuda direba, mai motar Kurfi, zai riƙa kai takarda, daga can wani mai babur ya ƙarasa da ita. Layukan dara biyar ne, mun sa masu sunan salloli, Allah ya yafe mana: Asuba, Azahar, La'asar, Magariba, Isha. Kowane layi gurbi shida. Idon Hudu ya yi rauni, shi ke faɗa, Barira ɗiyar shi ke rubutawa.

Ta farko ta iso yau. "Zuwa ga tsohuwar kura mai haƙori huɗu. Karana na Azahar uku ya koma La'asar uku."

Na je na duba. Ba shi da kara a Azahar uku! Bai taɓa yi ba. Har a takarda sai ya yi sata. Na mayar mashi: "Mai kan tulu, gyara. Haƙorana shida ne."

Litinin, 20 ga Satumba

Darar takarda ba dara ba ce. Ido da ido, tsakanin azahar da la'asar na gama da shi. Ina kallon hancin shi, in ya hango ci sai ya fara buɗewa kamar na jaki. In ya shiga uku sai ya tsiri tari, ya ce in ɗebo mashi ruwa, kafin in dawo dutse ɗaya ya yi ƙafa. Haka ya yi mani a zamanmu na ƙarshe. Dutsena fari mai jan zane, wanda na tsinta a rafi ina budurwa. Na kama hannun rigar shi, ya rantse da kabarin kakarmu bai gani ba. Marfin kwalba na sa a gurbin shi.

Yanzu motsi ɗaya kwana uku, wani lokaci huɗu. Ba hanci, ba tari. Amma akwai daɗi ta wani wajen: ina kwana da motsin, in tashi da shi, in juya shi ina tsintar wake. Ban taɓa ganin wasa da nisa haka ba.

Muhsina ta ce Turawa ma suna yin tasu darar, mai doki da sarki, ta wasiƙa, har wasa ɗaya ya shekara biyu. Na ce su Turawa ba a harbin abokin wasansu a gona.

Ba ta yi dariya ba. Ni ma.

Juma'a, 24 ga Satumba

Na jera uku, na ci ɗaya. Saura shida.

Asabar, 2 ga Oktoba

Takardar yau da jini a gefenta.

Mamuda ya zo rigar shi duk ta ɓaci. Da hantsi mutanen daji suka tare motar da ke gaban tashi, a kwanar nan mai duwatsu. Shi ya ci burki nesa ya ɓoye bayan gero yana kallo. Direban suka fara harbi, a wuya, motar ta faɗa rami. Suka fito da mutane suka kwantar da su a bakin titi. Wani dattijo ya kasa durƙusawa don ciwon gwiwa, suka sare shi da adda a kafaɗa, sau biyu. Suka kora mata uku daji. Da suka tafi Mamuda ya ɗauko dattijon zuwa asibiti, kafin su iso ya cika a kan cinyar shi. Takardata tana aljihun.

Na karanta duk da haka. Hudu ya ci mani ɗaya, da gaskiya wannan karon. Ya ce kuma in gaishe da marfin kwalba.

Alhamis, 7 ga Oktoba

Na yi ta ƙin rubuta wannan. Bari in rubuta.

Ranar da suka shigo mana ƙauye da damina, rana tsaka ce, ina bakin rijiya da Talatu maƙwabciyata. Babura kamar ƙudan zuma. Mijinta Ummaru ya fito daga masallaci da buta a hannu, ko tambayar shi ba su yi ba. Na ga ƙeyar shi ta fashe, butar tana ta juyawa a ƙasa ruwa na zuba. Talatu ta ruga wajen shi, ɗaya ya buga mata gindin bindiga a baki. Ni na faɗa cikin ramin da ake ɗibar ƙasar gini, na kwanta kan kashin awaki har la'asar. Washegari bakina ya karkace, likita ya ce hawan jini. Tun daga nan Maniru ke tace mani labari kamar koko.

Shi ya sa a takardar jiya na ajiye wasa. Na ce, "Hudu, don Allah don Annabi, ka ɗauka na ci. Ku taho."

Litinin, 11 ga Oktoba

Amsa: "Dawa ta kusa. Kuma ban taɓa ba mace dara kyauta ba, balle kura. Motsa."

Ya kuma ƙirƙiro wani karan a Isha biyar. Na motsa. Na ci. Saura biyar. Allah ya tsine wa taurin kai.

Talata, 19 ga Oktoba

Ba takarda. Kwana takwas. A gidan suna na ji mata na cewa an shiga ƙauyukan wajenmu ranar Alhamis, ana cikin yankan dawa, an ƙone rumbuna. Da suka gan ni suka koma zancen atamfa.

Na tare Maniru a zaure. Ya ce, "Inna, Kawu Hudu lafiya lau, ƙafa ce kawai ya gurɗe wajen gudu." Yana faɗa yana kallon takalmin shi.

Lahadi, 24 ga Oktoba

Na share guraben, na kori kaji. Ba abin da ya motsa.

Laraba, 27 ga Oktoba

Ta zo! Alhamdu lillahi. Rubutun Barira kamar kullum. "Zuwa ga tsohuwar kura. Ƙafa ce ta hana ni. Magariba biyu ya koma Magariba uku."

Na ci tuwo malmala biyu. Na ba jikoki labarin yadda Hudu ya taɓa gudun kare ya faɗa cikin rijiyar marina ya fito shuɗi, har da ƙarin da ban taɓa sawa ba.

Asabar, 6 ga Nuwamba

Takarda uku ke nan tun bayan ƙafar. Ba sata ko ɗaya. Kowane kara yana inda yake. Zagin ma guda ɗaya ne ake ta maimaitawa, kura, kura, ba haƙori, ba marfin kwalba. Ta yau har da "Allah ya ƙara lafiya" a ƙasa.

Hudu bai taɓa yi mani fatan lafiya ba sai dai ya ce in mutu ya gaji duwatsuna.

Kuma wasan ya yi tsabta. Mai tsoro ne ke yin shi, yana tsare gida. Hudu kan kawo hari ko da zai ƙone.

Wataƙila ciwo ya sa shi laushi.

Litinin, 8 ga Nuwamba

Na ɗana tarko. Na rubuta, "Ina jin tsoron karanka na Asuba shida." Wannan karan na cinye shi tun watan jiya. In Hudu ne, zai yi shiru ya dasa sabo a wurin, ya kwana yana dariya.

Juma'a, 12 ga Nuwamba

"Babu kara a Asuba shida, kin riga kin ci shi. Ki duba da kyau."

Na duba da kyau.

Asabar, 13 ga Nuwamba

Da Mamuda ya zo karɓar amsa na ce ya shigo, na sa sandata na tokare ƙofa.

Na ce, "Yaushe aka rufe shi?"

Ya ce, "Wa, Gwaggo?"

Na ce, "Mamuda, ni na yanke maka cibiya."

Sai ya zauna a ƙasa. Alhamis ɗin nan ce, 14 ga Oktoba, da walaha. Suna gona, shi da Barira da yaranta uku. Da ya ji babura ya tura su cikin dawar da ba a yanka ba, shi ya fito fili yana ɗaga lauje yana zaginsu, don su bi ta kanshi. Makaho-makaho da shi. Sun harbe shi a ciki bai faɗi ba, sai da suka bi ta kanshi da babur. Barira tana kwance tsakanin kunyoyin dawa, hannunta toshe da bakin ƙaramin, tana ji. Bai cika ba sai bayan azahar. Mutum tara aka rufe ran nan.

Maniru ne ya aika mata kada in ji, wai jinina. Ita kuma ta ga in takarda ta tsaya zan gane. Shi ne take zama gindin kanya ita kaɗai tana motsa karan ubanta. Ba rumbu, ba miji, kuma ba ta iya zuwa nan don kada in gan ta ba tare da shi ba.

Na ce wa Mamuda in ya gaya wa kowa na sani, sai na tona abin da ya yi a bikin ƙanwar shi. Ban san abin da ya yi ba. Ya dai tsorata.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan banza. Da ka bari na ci.

Litinin, 22 ga Nuwamba

Jinin bai kashe ni ba. Ina shan ƙwayar, ina gaisawa da Maniru kamar ba komai.

Na yi tunanin in rubuta wa Barira gaskiya. Amma na san jinin gidan, za ta ce kabarin Baba, za ta ce dawa. Rantsuwa dai Hudu ya yi, a gabanta. To sai in ci.

Na yi kwana biyu a kan guraben har bayana ya ƙage. Na kafa doki: in na matsa dutse nan uku sun jeru, in na mai da shi can ma uku sun jeru. Kowane motsi ci. Da Hudu ne da tuni ya tsiri tari. Yarinyar ba ta ma gani ba.

Saura huɗu.

Juma'a, 26 ga Nuwamba

Uku. Mamuda ya ce an sake kashe mutum biyu a hanyar rafi. Ya Allah, kwana huɗu kawai nake roƙo.

Laraba, 1 ga Disamba

Biyu. Na rubuta: "Mai kan tulu, ka mutu. Rantsuwa tana kan gidanka duka. A kwaso yara a taho, ɗakina ya ishe mu. Wanda ƙafa ta hana shi tafiya, na yafe mashi, ya zauna."

Na sake karanta layin ƙarshe. Barira za ta gane.

Juma'a, 10 ga Disamba

An maido sabis. Unguwa duk ihu, kowa da waya a kunne. Muhsina ta kawo mani tawa ta ce, "Gogo, ba za ki kira saurayinki ba?" Na ce caji ya ƙare.

Lahadi, 12 ga Disamba

Sun iso da azahar a motar Mamuda, da tabarma biyu da akuya. Barira ta durƙusa a ƙofar ɗaki ta kasa ɗago kai. Maniru ya fara kame-kame, na ce ya je ya sayo burodi.

Ta ce, "Gwaggo, ki yafe mani."

Na ce, "Ƙaryarki ce ba ta nuna ba. Ubanki bai koya maki komai ba."

Sai ta kwance bakin zanenta ta miƙo mani. Fari, mai jan zane. A aljihun rigar shi suka same shi da za a yi mashi wanka.

Da la'asar na zaunar da ita gaban guraben, na ba ta karare. Muna tsaka da wasa na ce ƙishirwa nake ji, na tashi da kaina, na daɗe a bakin randa. Na dawo na ƙirga. Duk suna nan.

Marfin kwalbar ma yana nan, ban cire shi ba. Dutsen na ɗaure shi a bakin zane. Nauyi gare shi, ban san yana da nauyi haka ba.