Ƙwayoyin Binta Masu Rowa

Maraɗi, farkon damina

Zuwa ga taubashina Ishaƙu, mai gyaran moto, Gidan Amumune.

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina Gwaggo Furera, ina gajiyar shuka? Takarda na ba Salisu direba, don muryar da na aiko maka ta waya kowa a garejinku sai da ya saurara.

Ka tambayi abin da nake yi a labo, ɗakin bincikenmu. Kiwo nake, kamar kowa. Ƙwayoyin bakteriya ne a kwalba, ido ba ya ganin su. A cikinsu suke haɗa glutamat, ɗaya daga sinadaran da muke kira asid amine, shi ke sa daddawa daɗi a miya. Aikina in sa su fito da shi waje in auna. Na ciyar da su har sun cika kwalba, amma marowata ne, ko ɗigo sun ƙi saki.

Sai wata magana. Farfesan da nake aiki a ƙarƙashinsa ya samo mini gurbin ƙaro karatu a Dakar, yana jiran amsata bayan girbi. Shekaru ne ba kaɗan ba. In akwai mai wata magana da ni a Gidan Amumune, ya faɗe ta kafin in amsa. Ina fatan ka gane.

Ka huta lafiya,
Binta

*

Gidan Amumune

Likita Binta, barka da kiwon abin da ba a gani.

Muna lafiya lau. Inna na gaishe ki. Gero ya tsira, akuyar nan mai cin sabulu ta haifi biyu. Ni a sana'ata abin da ke yoyo liƙe shi ake yi, ke kuma kuka kike naki ba ya yoyo. Ki kawo su gareji, akwai ƙusa.

Dakar kuwa gari ne babba. An ce kifi ya yi araha. Ga ƙuli-ƙuli nan wajen Salisu, ki ƙirga, ban yarda da shi ba.

Naki,
Ishaƙu

*

Maraɗi

Ishaƙu, bayan gaisuwa.

Kifi! Na tambaye ka abu, ka ba ni labarin akuya da kifi. Na ji haushi, ban ɓoye maka ba.

Amma yau farin ciki ya fi haushin yawa, don ƙwayoyina sun saki! Kowace tana da wata fata siririya mai maiƙo da ta kewaye ta. Akwai bitamin da ake ce wa biyotin. In sun same shi da yawa, fatar kan yi ƙwari ta rufe ruf, duk abin da suka haɗa ya zauna ciki. Ni kuwa ɗiyar garin Kona ce, gidanmu ba a ba baƙo rabin ƙwarya, sai nake ta zuba musu. Da na rage shi, maiƙon fatar ya canza, ta yi sako-sako, wasu ƙananan ƙofofi suka buɗe. Da na ga awon na yi guɗa, har mai gadi ya leƙo.

Ashe ƙoshi ke sa wasu yin shiru. Aiki ya yi mini yawa yanzu, kada ka jira takarda.

Binta

*

Binta, lafiya? Salisu ya zo hannu wayam. Gero ya fara kai. Ki gaida ƙwayoyi.

Ishaƙu

*

Gidan Amumune, lokacin girbi

Binta, sallama.

Kasuwa ta ci ta watse ban san iyaka ba, ni ina tasha kamar ɗan kamasho. Salisu har ya daina kallona. Jiya na ɗaura ma wani taya a baibai. Na sake karanta takardarki, sai na gane ni ne a kwalba.

To, ga shi. Ina son ki. Tun ranar da kika faɗo daga jakin Kawu kika tashi kika zage ni don na yi dariya. Tsoro nake ji, ke ga karatu, ni ga baƙin mai har wuya. Na ce in na buɗa baki kika ƙi, wasan ma na rasa shi.

Dakar ki je, ban ce ki bari ba. Amma ki ba ni izini in tura su Baffa wajen Kawu a Kona kafin ki hau mota. Ki yi haƙuri da rubutun.

Naki, in kin yarda,
Ishaƙu

*

Maraɗi

Ishaƙu nawa, barka da arziki.

Na amsa wa Farfesa, na amsa maka. Ka turo su Baffa ranar Juma'a. Kada su wahalar da kansu da dogon jawabi, Gwaggo ta yi wa Baba maganar tun bara, ya kuma yarda. Kai kaɗai muke jira.

Taka,
Binta