Ruwa a Kan Benci

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta sake mamaye teburin falo da kwamfutarta. Wata uku ke nan tana kallon wani abu kamar zaren da kyanwa ta yamutsa. Furotin ne, in ji ta, irin na jikin mutum, kwamfuta ke kwaikwayon motsinsa. So take ya buɗe a ga inda magani zai shiga, shi kuwa ya ƙi. In ya buɗe kafin ƙarshen wata, wani ɗakin bincike mai nisa zai ɗauke ta aiki. Na ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Ni na san alherin da nake nufi.

Laraba, 5 ga Maris
Na ce furotin ɗin gurgu ne? Ta ce a'a, wurin zama mai daɗi ya samu, kamar ni da kujerar shago. Wai shekara talatin ina sayar da akwatunan tafiya, ko tasha ban sani ba. 'Yar nan bakin uwarta ta ɗauko.

Asabar, 8 ga Maris
Ta koya wa wata manhaja ta gane inda furotin ya fi son zama, ta hana shi sakat a wurin har ya nemi wani. Na ce ai tsohuwar dabara ce. Ɗan zaman banza ya addabe ka a ƙofar shago, ba ka korarsa, ruwa kake yayyafa wa benci. Ta yi dariya har da hawaye.

Talata, 11 ga Maris
Bai motsa ba. Na ci abinci har da ƙari. Allah ya yafe mini.

Alhamis, 13 ga Maris
Na dawo na tarar idonta ya yi ja. Manhajar wuri ɗaya take ta jiƙawa, gogan ya ɗan gusa ya sake miƙe ƙafa. Baki bai shawarce ni ba, na ce, "Mai wayo ai ƙarshen benci yake komawa. Nuna mata inda ya koma, ta sake koyo, ta jiƙa can ma." Ta tsura mini ido. "Baba, sake faɗi." Ta jawo kwamfuta.

Wa ya aike ni?

Litinin, 24 ga Maris
Ya buɗe. Ta rungume ni har gilashina ya karkace.

Talata, 25 ga Maris
A shago wata mata ta taya shuɗin akwatin nan mai ƙafa huɗu, wanda zif ɗinsa ba ya cijewa. Ko ragi ba ta nema ba. Na ce an riga ta. Da yamma na jawo shi gida.

Shagon ne ya yi ƙunci, ba wani abu ba.