Numfashin Baba a Faifai

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Na kira wayarka ba ka ɗauka ba, shi ya sa na ari biro. Ka yi haƙuri da rubutuna.

Ran Lahadi da safe na fito zan tafi wurin da nake facin taya, sai na tarar da Baba a tsakar gida sanye da tsohuwar rigarsa ta badujala, mai jar igiya a kafaɗa. Ta yi masa yawa yanzu, kamar an rataye ta a ƙusa. Ya goge tuba, babban ƙahon nan nasa na tagulla, ya ɗora shi a kujera kamar baƙo. Ashe faifan busansa da ka aiko ne ya iso, har ya aika an kira masa abokan aikinsa na da, Mai Ganga da Dogo mai begila. Gwaggo ta dafa shayi. Ni aka ce in kunna.

Yaya, iska muka ji. Mutum yana jan numfashi da ƙyar, maɓallan ƙaho suna ƙwas-ƙwas, ruwan yawu yana ɓul-ɓul a cikin bututu. Sai tari, ka maimaita shi, ka ja shi ya yi tsawo. Mai Ganga ya ce, "Auta, rediyon nan naka ma faci yake so, yana sace iska." Dogo ya ce a dai jira, masu ilimi sukan fara da share fage. Muka jira har faifan ya ƙare. Taken da Baba ya busa maka bai fito ba.

Ka san dokar Baba, da ita ya rene mu. Mai busa na ƙwarai ba a jin shan iskarsa, kuma in zai zubar da ruwan ƙaho sai ya juya wa mutane baya. Abu biyun da ya ƙare rayuwarsa yana ɓoyewa, su ne ka tattara ka manna hotonsa a kai.

Baba ya miƙe. Ya tuɓe rigar ya ninke, ya ce wa baƙinsa shayi zai huce.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da ka zo da na'urarka ya busa maka taken faretin nan daga farko har ƙarshe, ina durƙushe na tallafe masa gindin ƙahon. Ka aiko mana shi yadda yake. Likita ya ce huhun ba zai ƙara ɗaukar busa ba, ka ga ke nan wannan ne na ƙarshe.

Ka gaida matarka da yara.

Ƙaninka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni, kuma na fahimci damuwarka, sai dai akwai abin da ba ku gane ba. Wannan kiɗan gwaji ne, ana neman sautin da kunne bai saba da shi ba. Taken fareti kowace badujala tana busa shi, kuma mai tuba a can baya yake, ba wanda ya taɓa tambayar sunansa.

Kai ba ka yi wayo ba lokacin. Ni a bayan ƙofa na girma ina jin sa yana gwaji, kuma abin da ya zauna mini a kunne shi ne numfashin da yake ja kafin ya busa. A wurina wannan shi ne Baba. An sa faifan a wani zaure cike da jama'a, na ga dattijai suna share hawaye. Ka faɗa masa haka.

Batun taken kuwa, za mu yi magana idan na samu sarari.

Ka gaida Baba da Gwaggo.

Yayanka

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na faɗa wa Baba mutane sun yi kuka. Ya ce, "Allah sarki, ai sai su yi, sun ji mara lafiya."

Ya daina zama a ƙofar gida. Faifan ya shiga wayoyin yaran layi, in sun zo wucewa sai ɗaya ya ja numfashi, sauran su amsa da tari. Gwaggo ta bi su da tsintsiya har ta gaji. Shi kuwa kullum in na dawo daga aiki tambayarsa ɗaya ce, "Saƙon yayanka ya zo?" Yana son Mai Ganga da Dogo su dawo su ji na gaskiyar.

Akwai abin da yake ta dawo mini. Ranar nan daga inda na durƙusa ina ganin na'urarka, tana da wata 'yar jar fitila. Na ga tana kamawa tana mutuwa, na ɗauka haka take aiki, tunda ni ban yi karatun abin ba. Amma da na zauna na tuna, in Baba ya sauke ƙaho yana haki ne take kamawa. Don Allah ka faɗa mini ba kwana-kwana. Lokacin da yake busa taken, a kunne take?

Ina sauraronka.

Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. A kashe take.

Haka nake aiki da kowane mai busa. In mutum ya san ana ɗaukarsa sai ya ɓoye kansa, saboda haka nakan bar shi ya yi abin da ya shirya har ya gaji, in kunna bayan ya sauke. Ban san shi ne busansa na ƙarshe ba. Da na sani, wataƙila da na bar ta a kunne.

Kada ka gaya masa. Ka ce abin ya lalace a na'ura.

Ka huta lafiya.

Yayanka

Yaya,

Assalamu alaikum. Ban ce masa ya lalace ba, don ban iya ba. Da ya tambaya jiya na ce babu shi, ba a ɗauka ba. Sai ya ce in kira masa mutanensa gobe, in kuma cika wayata da caji.

Yau da safe ya sake sa rigar. Na tallafe ƙahon da hannu ɗaya, waya a ɗayan. Mai Ganga ya buga masa kiɗan shiga a jikin benci. Sauti ya fito a farko, mai kauri, har kofunan shayi suka motsa. Daga nan sai iska. Amma bai tsaya ba, yatsunsa suka bi taken har ƙarshe, Dogo yana bin su da ido yana gyaɗa kai. Da ya gama ya sa na juya shi da kujerarsa ya fuskanci bango, ya zubar da ruwan ƙahon.

Ya ce, "Ka ɗauka?" Na ce na ɗauka. Ya ce, "To aika wa yayanka. Irin wanda yake so ne."

Yana cikin wayata, kuma ba zan aiko ba. In kana son ji, ka zo ka zauna a gabansa in kunna maka.

Allah ya sada mu da alheri. In kana ganin na yi ƙari, ba ni kaɗai ba ne a wurin. Gwaggo tana bakin ƙofar ɗaki, ga Mai Ganga, ga Dogo, har da biyu daga yaran layin nan da suka leƙo ta katanga, suka sauka shiru.

Ƙaninka,
Auta