A Mayar wa Baba Labbo da Gorar Jirginsa

Zuwa ga Uban Ƙasarmu da 'yan majalisarsa. Gaisuwa da ban girma, da fatan kana lafiya, kai da iyali da talakawanka. Ranka shi daɗe.

Bayan haka, ni ce Inno, mai karantar da mata a Tungar Arzika, bakin Rima. Sau biyu na aiko a faɗa maka maganar nan a asirce, sau biyu anka tare ɗan saƙona a zaure anka ce kana da baƙi. Don haka na rubuta ta da hannuna, na kuma ba da izini a karanta ta a kasuwa, kowa shi ji. Maganar Baba Labbo ce, mai fiton En'e, wato hukumar gargajiya, a mashiginmu, wanda dogaranka sunka karɓe wa gorar tuƙi sunka kore shi daga aiki saboda ɗiyata.

Na farko, ga abin da ya faru, don na ji labarin da anka kawo maka ya sha gyara a hanya.

Ranar kasuwar Goronyo ce, farkon kakar nan, Rima bai ko fara janyewa ba. Da sassafe umarni ya zo daga fadarka cewa kada jirgi shi ɗauki kowa sai Tunkuɗau, ɗan kokowar da kake ji da shi, ya ƙetare, don zai yi wasa gabanka da gaban baƙinka Turawa. Labbo ya bi umarni. Masu albasa da masu nono sunka zauna cikin rana tun hantsi, babu wanda ya ƙetare. Shi ko Tunkuɗau shina can wani ƙauye ana yi masa kiɗa.

Kusa da azahar munka iso da ɗiyata Kulu a kan ƙyauren ɗaki, maza huɗu na ɗauke da ita. Kwana biyu tana naƙuda, jini ya ɓalle, ungozomarmu ta ce ta kai iyakar saninta, sai ɗakin shan magani na ƙetare. Muna sauke ta a bakin ruwa, sai ga Tunkuɗau da makaɗansa da 'yan rakiya.

Labbo bai yi wa kowa rashin kunya ba. Ina tsaye, da kunnena na ji. Ya durƙusa ya ce jirgi zai ɗauki gwarzo da mara lafiya tare, makaɗa su biyo a sahu na biyu. Babban yaron Tunkuɗau ya ce sam, mai gidansu na ɗaure da layu da guraye tun daga damtse har ƙugu, in ya shiga jirgi ɗaya da mace mai jini duk sun karye. Ya ce a janye «wagga ƙazanta» gefe, in sun ƙetare a zo a kwashe ta. Ɗiyata yake nufi, ranka shi daɗe. Labbo ya dube shi, ya dubi Kulu, ya ce wa mazan da ke ɗauke da ita su sa ta a jirgi. Iyakar laifinsa ke nan.

Ya ƙetar da mu, ya komo. Sunka ce sai ya wanke jirgin sau bakwai da yashi kafin gwarzo shi taka shi. Dattijo mai furfura ya duƙa cikin ruwa ya wanke, 'yan rakiya na yi masa dariya. Ya ƙetar da su lafiya. Da la'asar wani Ba'adare da ba a ko san sunansa ba ya ɗaga Tunkuɗau ya nana da ƙasa gaban baƙinka. Wanshekare anka ce Labbo ne ya karya masa asiri, anka ɗaure shi a ƙofar fadarka wuni guda, anka karɓe gorarsa.

Na biyu, ina tambaya, mi ne ne hujjar wanga hukunci?

Na yi shekaru ina karatun littattafan fiƙihu gaban mahaifina, ina kuma karantar da su. Ban ga inda anka ce a bar rai shi salwanta don a tsare laya ba. Abin da na gani shi ne lalura na gaba da umarnin kowane mai mulki. Ka tambayi alƙalinka, in ya ce ƙarya nake yi, a yi mini hukuncin maƙaryaciya. Kuma in ƙarfin mutum na zubewa don ya zauna inda mai haihuwa ta kwanta, to, a tambaye shi ta ina ya fito duniya. Ko daga sama anka jeho shi da gurayensa? An kada Tunkuɗau don ya gamu da wanda ya fi shi, kuma don ya wuni shina cin nama shina sauraren kirarinsa. Kunya ta kama fada, anka rasa wanda za a huce a kansa sai tsoho mai tsumma.

Na uku, a auna mutanen nan biyu.

Tunkuɗau na zuwa ƙasarmu sau ɗaya a shekara. In ya zo a ba shi riga, a ba shi doki, a yanka masa rago, a hana jama'a hanya. In ya tafi, mi ya bar muna? Waƙa a bakin yara. Labbo tun ina amarya yake bisa ruwan nan. Shi ke ƙetar da mai lamba lokacin da agana ke kwasar 'ya'yanmu. Shi ke ƙetar da mai kai wasiƙu, da malamin dabbobi, da gawa, da amarya, da masu kai maka harajinka. Ya san inda ruwa ke juyawa a ƙarƙashin itacen gawon bakin mashigi, ya san ranar da ba a shiga. A gefen jirginsa akwai wata tsaga da ya yi da wuƙa. In ruwa ya taɓa ta ba ya ƙara ko ɗan akuya, ko uban wa ya zo. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa ba Rima mutum ko ɗaya ba. Wane makaɗi ya taɓa ambatonsa? Wace riga anka taɓa jefa masa?

Ba fada kaɗai nake zargi ba. Mu ma muna da namu. Matan da sunka yi guɗa sa'ad da Tunkuɗau ya iso mashigi, cikinsu har da waɗanda nake karantarwa, sun ga Kulu kwance sunka kau da kai. Mazan da ke iya lissafo duk wanda Tunkuɗau ya taɓa kayarwa ba su san sunan ungozomar ɗakin shan magani da ta tsaya a kan ɗiyata har ta sauka ba. Na faɗa musu a fuska, kamar yadda nake faɗa maka.

Na huɗu, kuma shi ya fi hana ni sukuni. An ba da jirgin ga wani bafade da bai iya ko iyo ba. Shina loda mutane har tsagar ta nutse. Makon jiya ya kife da buhunan albasar mutanen Rimawa, Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba. A unguwarmu yanzu mata uku ke da tsohon ciki. Labbo ko na zaune bisa tudu shina kallo, in ya ga an wuce ƙa'ida ya yi ihu, a ce masa korarre ba shi da baki.

Don haka ina roƙon abu uku. A mayar wa Labbo da gorarsa da aikinsa kafin kasuwa mai zuwa. A mayar masa a bainar jama'a, a ƙofar da anka ɗaure shi, don a nan anka zubar masa da mutunci. A kuma sa doka, mai shela shi faɗe ta, cewa mara lafiya na gaba da kowa a mashigi, ko wane ne ke jira.

In kuwa lalle sai an hukunta wani, to ni ce na kawo Kulu, ni ce na riƙe wa Labbo riga na ce shi ji tsoron Allah. Ranar Alhamis da hantsi zan zo ƙofar fadarka da tabarmata, da jikata da anka haifa ranar da abin ya faru, in zauna inda Labbo ya zauna. Ba zan tashi ba sai ka fito ka dube ta, ka faɗa da bakinka cewa da an bar ta da uwarta a bakin ruwa.

Allah shi ja zamaninka, shi haɗa ka da masu faɗa maka gaskiya, shi sa ka gama lafiya da talakawanka.

Wassalam.

Malama Inno
Tungar Arzika, bakin Rima